Gilashin VR a ɗakin wankin ƙuna ba kayan wasa ba ne

Duk wanda ya taɓa jinyar yaron da ya ƙone ya san azabar ba ta tsayawa a ranar da wuta ta taɓa shi. A kai a kai sai an kwance bandeji, a wanke ciwon, a cire matacciyar fata. Ko an ba shi magani mai ƙarfi irin mofin, sau da yawa raɗaɗin kan fi ƙarfin maganin.

A shekarar 1996 masana biyu na Jami'ar Washington da ke Amurka, Hunter Hoffman da David Patterson, suka fara aiki kan amfani da fasahar VR domin majinyatan cibiyar ƙuna ta Harborview a birnin Seattle. Daga nan aka samu manhajar SnowWorld. Majinyaci na sanya gilashin sai ya tsinci kansa cikin kwarin ƙanƙara yana jifan tsuntsaye da dunƙulen ƙanƙara, ma'aikatan jinya kuwa suna ta aikinsu.

Dabarar mai sauƙi ce: hankalin mutum yana da iyaka, raɗaɗi kuma sai ya samu hankali yake cin kasuwarsa. Idan wasa ya kwashe hankalin yaro, kaɗan ke ragewa ga ciwon. Hotunan ƙwaƙwalwa da masanan suka ɗauka sun nuna sassan da ke jin zafi sun lafa yayin amfani da gilashin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a shekara, akasarinsu a ƙasashe masu tasowa. A ƙasar Hausa kowa ya san abin da tafasasshen ruwa, risho da wutar jin ɗumi ke yi wa yara da hunturu.

Wani zai ce asibitin da ke fama da ƙarancin magani ina shi ina VR? Da gaskiyarsa: gilashi ba ya maye gurbin magani, ƙari ne a kansa. Yakan sa wasu jiri, ba ya zama a fuskar da ta ƙone, kuma dole a tsabtace shi bayan kowane majinyaci.

Sai dai gilashin yau, irin Meta Quest, batir yake amfani da shi, ba ya buƙatar kwamfuta, kuma guda ɗaya zai yi wa yara da yawa aiki. Ya kamata asibitocin koyarwa su gwada shi, masu haɗa manhajoji kuma su samar da wasannin da ke magana da Hausa. Yaron da bai firgita da wankin yau ba, shi ne zai yarda a taɓa ciwonsa gobe.