Ɓera Ya Warke, Saura Saniya da Mai Ita

Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, ɓera na bin ta bashi. A 1948 ne Ignace Vincke da Marcel Lips suka gano wata 'yar'uwar ƙwayar zazzaɓin a jinin ɓerayen daji na Katanga, a ƙasar Kwango, aka raɗa mata suna Plasmodium berghei. A 1967 Ruth Nussenzweig, a birnin New York, ta raunana wannan ƙwaya da hasken hoton ƙashi, ta ɗura wa ɓeraye, sai garkuwar jikinsu ta koyi tare cutar. Furotin da ke lulluɓe da ƙwayar lokacin da sauro ke tofo ta, a kansa aka gina rigakafin yau.

To amma mai karatu ya lissafa: daga 1967 zuwa 2021, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da rigakafin farko, shekara 54 ke nan. Kariyar ma ba cikakkiya ba ce, sai an yi wa yaro allura huɗu. Wannan tazara ita nake son mu duba.

Da farko, ɓera ba ɗaya ba ne. In aka sa wa baƙin ɓera jinsin C57BL/6 da fari jinsin BALB/c ƙwayar sammore iri guda, farin kan mutu da wuri, baƙin ya daɗe yana fama. Makiyayi ba zai yi mamaki ba, domin ya san Ndama da muturu na jure ƙudan tsando a inda bunaji ke ramewa. Ƙwayar sammore kuwa shu'uma ce: kafin jiki ya gama gane rigarta ta sauya wata. Mafi tayar da hankali, a 2008 masana a Beljiyam sun nuna cewa tana ragargaza ƙwayoyin garkuwa da ke cikin saifa, har ɓeran da aka yi wa rigakafin tarin shiƙa ya rasa kariyar da ya samu. Ina ganin duk mai shirya gangamin allurar shanu a yankin da tsando ya yi yawa ya kamata wannan ya hana shi barci.

Na biyu, ɓeran ɗakin gwaji ɗan gata ne. Abincinsa tsaftatacce, ruwansa tatacce, bai san tsutsar ciki ba. A 2016 masana a Jami'ar Minnesota ta Amurka sun kwatanta shi da ɓerayen kasuwa da na rumbu, suka tarar garkuwarsa ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa, tasu kuwa da ta baligi. Ina haɗin wannan da yaron da ke ɗauke da tsutsa, ga zazzaɓi, ga ƙarancin abinci?

Shi ya sa nake ƙara matsa wa ɗalibanmu. Kundin digiri nawa ne ke tafe da fasali guda: an sa wa fararen ɓeraye sammore, an ba su ruwan sassaƙe, ƙwayoyi sun ragu a jini, sai a rufe da cewa an gano magani? Kafin ka ankara labari ya kai rediyo, mai tallar magani a kasuwa ya samu hujja. Aikin kansa ba na raina shi, ga shi ana yin sa da kuɗin aljihu. Amma sharaɗina kafin in sa hannu shi ne ɗalibi ya faɗi jinsin ɓeran da asalin ƙwayar, kuma ya ci gaba da duba jinin makonni bayan an daina ba da maganin. An daɗe da sanin cewa sammore kan laɓe a ƙwaƙwalwar ɓera, inda magani da yawa ba ya isa, jini ya fito tas, daga baya ta dawo.