Hayar Suna da Sharaɗin Yafe Ƙara

A Amurka da Kanada akwai wani irin ciniki wanda ya game gari, watau hayar suna. Babban kamfani ya kan ba mutum izinin buɗe kanti da sunansa, bisa tsarinsa, har zuwa wani ajali. Shi kuwa mutumin ya gina wuri da dukiyarsa, ya ɗauki ma'aikata, ya riƙa biyan kamfani wani kaso daga cinikinsa.

Rigima ba ta tashi sai ajali ya cika. Sa'an nan kamfani ya kan ce ba za a sabunta ba sai mai kanti ya sa hannu a wata takarda, ya yafe dukkan ƙarar da ya ke da ikon kaiwa a kansa, da wadda ya sani da wadda bai sani ba tukuna. Masu kamfani suna cewa ai ba a tilasta wa kowa ba, kuma ba su son shiga sabon zama da tsohuwar husuma. Hujja ce, amma gurguwa. Mutumin da ya zuba gumin shekaru a wuri guda, ga bashin banki, ga sharaɗin da ya hana shi yin wannan sana'a da wani suna, in an ce masa ko hannu ko mabuɗi, ina zaɓi a nan?

An gwada wannan magana a lardin Ontariyo na Kanada. Masu garejin Midas, kamfanin gyaran birki da salansar mota, suka haɗu suka kai ƙara a kan yadda aka sake tsarin sayar musu da kayan gyara. Ana cikin shari'a sai ajalin waɗansunsu ya gabato, ga kuwa sharaɗin yafewa a rubuce cikin yarjejeniyarsu. Watau duk wanda ya sabunta ya fita daga ƙarar ke nan, masu ƙara su yi ta raguwa ɗaya ɗaya. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta lardin ta ce sharaɗin ɓatacce ne, gama dokar Arthur Wishart ta 2000 ta soke yafe haƙƙin da ita ta bayar, ta kuma tsare wa masu haya ikonsu na haɗa kai.

Masu karatun fiƙihu ba za su yi mamaki ba. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan zubar da haƙƙi tun bai tabbata ba: abokin tarayya in ya yafe shuf'a kafin a yi ciniki, yafewar ba ta lizimce shi ba.

Amma fa ba a rufe ƙofar sulhu ba. In husuma ta riga ta bayyana, mai kanti ya san abin da ya ke bari, lauyansa na gefensa, kotunan Ontariyo sun yarda a daidaita.

A Amurka kuwa abin ya danganta ga jiha. Marilan da Washinton sun taƙaita irin wannan yafewa. Kalifoniya, tun daga 2023, ta hana kamfani neman ta a madadin taimakon da ya bayar lokacin dokar ta-ɓaci. Ƙa'idar hukumar ciniki ta tarayya ba ta hana ba. Abin da ta wajabta shi ne a bayyana sharuɗɗan sabuntawa cikin takardar da a ke miƙa wa mutum kwana 14 kafin ya sa hannu tun farko.