Ra'ayinmu: Maƙeran eriya na Potiskum sun cancanci takardar shaida

An san Potiskum da kasuwar shanu da manyan motoci, amma akwai wata sana'a da ba ta shiga lissafin hukuma. A rumfunan gyaran rediyo da na walda, matasa kan yanka alminiyon, su jera shi a jikin katako ko bututun roba, su ɗaure a kan gora, sai ga eriyar talabijin. Wasu kuma kan haɗa bututu da boris da 'yan ƙarafa masu nauyi, su ƙera abin da ke hana kyamara rawa a hannun mai ɗaukar biki.

Wannan aiki kimiyya ce. Eriya mai jerin sanduna da ake gani a kan rufin gidajenmu, malamai biyu na ƙasar Japan, Yagi da Uda, su suka fito da ita a 1926, kuma kyanta yana ga awo. Sandan da ke karɓar sigina ya kamata ya yi rabin tsawon zangon tashar, wato kimanin santimita 25 ga tashar da ke kan megahaz 600. Na bayansa ya ɗan fi shi tsawo, na gabansa su ɗan gaza shi. Haka Steadicam, wadda Garrett Brown ya ƙirƙira a Amurka a shekarun 1970, sirrinta daidaita nauyi ne: kyamara a sama, ƙarfe a ƙasa, hannu a tsakiya. Yaron da ya gano wannan da gwaji ya riga ya yi rabin karatun, saura a ba shi lissafin.

Abin ya shafi Abuja kai tsaye. Nijeriya ta kasa cika wa'adin 17 ga Yuni, 2015 na komawa talabijin na dijital. An ƙaddamar da shirin a Jos a 2016, bai isa Kano ba sai 2021. Tsohon tsari yana da haƙuri, ko sigina ta yi rauni ana ganin hoto dishi-dishi. Na dijital kuwa ba ya sassauci: ko hoto tangaran, ko allo baƙi ƙirin. Saboda haka, ko ta doron ƙasa aka watsa shirye-shirye ko ta tauraron ɗan'adam, hannun mai saita eriya ko faranti ne zai yanke hukuncin ko kuɗin da gwamnati ta kashe ya isa ɗakin talaka.

Akwai kuma batun rai. Doguwar sanda a kusa da wayar lantarki, ko eriyar da ba a yi mata wayar ƙasa ba a lokacin damina, tana iya hallaka mai ɗaurawa da masu gida.

Ba sai an kafa sabuwar hukuma ba. Kwalejin Ilimi ta Tarayya (Fasaha) tana nan a Potiskum. Hukumar NBTE tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi sana'a a wajen aji. ITF tana horar da ma'aikata tun 1971, NASENI kuma an kafa ta a 1992 domin bunƙasa ƙere-ƙeren gida. Muna kira gare su da NBC su shirya gajeren horo a kwalejin kan awo, tsaro da saita sigina, a jarraba maƙeran a kan abin da hannunsu ya iya, a ba su takarda.

Ga masu rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardun shawara, kafin a sake sanya rabon babura da kekunan ɗinki a kasafin kuɗi da sunan tallafi, a tambayi abin da matasan mazaɓar suka riga suka iya. A Potiskum amsar tana kan rufin kwano, kuma kuɗin inganta ta bai taka kara ya karya ba.