Idan fatar karen gonarka ta yi ja, ajiye baƙin mai ka leƙa ɗakin kaji



Na san wani zai ce, yau kuma me ya kawo maganar kare a shafin kaji da kifi? Ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe. Da yawanmu masu gona a bayan gari muna da kare ɗaya ko biyu. Shi ne ke hana ɓarawo tsallako katanga, shi ne ke korar muzuru da gafiya idan dare ya raba. Amma in ka buɗe littafin lissafin gona, za ka ga kuɗin abincin kaji, kuɗin allurar rigakafi, kuɗin man janareta, albashin yara, babu ko layi ɗaya na karen. Ranar da aka wayi gari fatarsa ta yi jajir yana susa kamar zai yage kansa, abin da ake yi ɗaya ne cikin uku: a shafe shi da baƙin mai, a yi masa wanka da maganin feshi, ko a ce a ƙyale shi, ai kare ne.

Ra'ayina shi ne duk ukun nan kuskure ne, kuma mai gona ne ke biyan kuɗin kuskuren. Fatar kare ba ta yin ja haka kawai. Sau da yawa abin da ya taɓa ta yana nan cikin gonar, kuma ba a kan kare kaɗai zai tsaya ba.

Bari in fara da nawa kuskuren, don kada a ce ina wa'azi daga kan kujera.

A gonar da nake kula da ita muna da kajin ƙwai da kwamin tarwaɗa, da wani kare da yara suka sa wa suna Duna. Wata safiya mai gadi ya ce min Duna bai bar kowa ya yi barci ba, susa yake yi yana cizon gindin wutsiyarsa. Na duba, cikinsa da cinyoyinsa sun yi ja, gefen kunnuwansa kuma akwai wasu baƙaƙen ɗigo a manne. Ina sauri a lokacin, sai na ce a ɗebi maganin feshin da muke da shi a sito, mai sinadarin sifametirin, a dama a yi masa wanka. Ban faɗi ma'auni ba, ban kuma faɗi inda za a yi wankan ba. Yaron ya zuba da ido, ya yi wankan a bakin famfon da magudanarsa ke bi ta gefen kwamin ƙananan kifi. Kafin la'asar kare yana dalalar da miyau yana karkarwa. Washegari ƙananan tarwaɗa sun taso sama, ciki a waje. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

Allah ya taimaka likitan dabbobi ya zo, kare ya tashi. Amma abin da ya fi ba ni kunya shi ne, da likitan ya duba kunnen Duna, bai ce komai ba sai ya ce a kamo masa kaza ɗaya. Ya buɗe zankonta da gefen idonta, sai ga irin baƙaƙen ɗigon nan a jere. Ƙuma ce, irin wadda ke kafa kanta a fata ta zauna ba ta tsalle. Ƙwanta na faɗawa cikin shimfiɗar ɗaki ya ƙyanƙyashe a can. Ashe raguwar ƙwan da nake ta ɗora wa kamfanin abinci da zafin rana, da hannunta a ciki. Karen ya riga ya faɗa mana, mu ne ba mu ji ba.

Tun daga ranar na koyi cewa tambayar farko ba ita ce wane magani za a ba shi ba. Tambayar farko: a ina jan yake, yaushe ya fara, kuma me ya canza a gonar cikin kwana biyun nan? Ga abubuwan da aka fi haɗuwa da su.

Na ɗaya, borin jini. Kare yana lafiya, cikin mintuna ko 'yan sa'o'i sai ka ga jikinsa ya yi rudu-rudu, gashi ya miƙe wuri-wuri, wani lokaci baki da fatar ido su kumbura. Yawanci harbin rina ne, ko ƙudan zuma, ko cizon cinnaka, ko wata allura ko magani da aka ba shi. Mai sauƙi yakan lafa cikin yini ɗaya ko biyu. Amma idan ka ga amai, zawo, numfashi da ƙyar, dasashi ya yi fari, ko kare ya zube ya kasa tashi, wannan ba na jira ba ne. A nemi likita a take, don yana iya kisa cikin ɗan lokaci. Bayan haka kuma ka nemi gidan rinar, domin gobe yaron da ke kwasar ƙwai za ta harba.

Na biyu, ƙuma. Akwai karen da jikinsa ba ya jure miyaun ƙuma, cizo kaɗan ya ishe shi ya kwana yana susa, musamman gadon baya wajen gindin wutsiya da bayan cinya. Gwajin ba ya cin ko sisi: tsefe gashin a kan farar takarda mai damshi, idan baƙin garin da ya zubo ya narke ya zama ja, kashin ƙuma ne, jini ne ta sha. Ku sani mafi yawan ƙuma ba a jikin dabba take ba, tana ƙasa a matsayin ƙwai da tsutsa, cikin dusar katako, buntun shinkafa da tsummokaran da kare ke kwana a kai. Akwai kuma ƙananan jajayen ƙwarin nan na ɗakin kaji da ke ɓuya a tsagar katako da akwatin ƙwai da rana, su fito shan jini da dare. Suna cizon kare, suna cizon mutum. Ka ɗauki tocila ka shiga ɗakin bayan isha'i, za ka ga abin da ba ka gani da rana.

Na uku, ƙunar sinadari. Mun kwashe burola, mun wanke ɗaki da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, ko fomalin, ko mun barbaɗa farar ƙasa a ɗaki ko a kwamin da muka zubar da ruwansa. Kare ya sami wuri mai sanyi ya kwanta. Da safe sai ka ga ja a inda gashi ba shi da yawa: ciki, hammata, matsematsi, tafin ƙafa. Maganin farko a nan ruwa ne mai tsabta, mai yawa, a yi ta kwarara masa na tsawon mintuna, a hana shi lasa. In farar ƙasa ce busasshiya, a fara kakkaɓe ta kafin a zuba ruwa. Sannan ka tambayi kanka, in haɗin ya ƙona fatar kare, yaya hannun yaron da ya yi wankin ɗakin ba safar hannu?

Na huɗu, gyambon da ke tashi dare ɗaya. Ya fi yawa da damina, ga karen da ke shiga ruwa gashinsa bai bushe ba. Ƙaiƙayi kaɗan ne ke farawa, ya lasa, ya ciza, kafin gari ya waye wurin ya zama fili ja mai ruwa-ruwa da wari. Irin wannan yana son a aske gashin kewaye, a wanke, a bar shi ya sha iska. Baƙin mai rufe shi yake yi, ƙwayoyin cuta su samu ɗaki.

Na biyar, ƙazwa da makero. Ƙazwa takan fara daga gefen kunne da gwiwar hannu, da ƙaiƙayi mai tsanani. Makero kuma yakan ci gashi a zagaye. Dukkansu suna iya kama mutum. In mai gadi da yaransa sun fara susa tare da kare, kada ka tsaya dogon tunani.

Na shida shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, domin yana kama da jan fata alhali zubar jini ne a ƙarƙashin fata. Duk mai ajiye abincin kaji yana yaƙi da ɓera, kuma yawancin maganin ɓeran da muke sawa hana jini daskarewa yake yi. Kare ya ci maganin, ko ya ci ɓerayen da suka ci, ba za ka ga komai ba sai bayan kwana 3 zuwa 5. Sai ɗigo-ɗigon ja ko shaci kamar na duka a ciki da dasashi, haɓo, kasala. Cutar da kaska ke sawa ma tana kawo irin wannan. Ka danna wurin da gindin kofin gilashi: in jan ya gushe ya dawo, kumburin fata ne, in bai gushe ba, jini ne. Maganin ɓera irin wannan yana da makari, bitamin K1, amma sai an kai da wuri.

Za ku ga ban sa abinci a gaba ba, duk da shi mutane suka fi zargi. Gaskiya ne akwai karen da jikinsa ba ya karɓar naman kaza ko na shanu, amma wannan a hankali yake bayyana, kuma gano shi yana ɗaukar wajen mako 8 ana ba shi abinci iri ɗaya tak. Abin da zan ja kunne a kai shi ne jefa wa kare mushen kaji da barinsa ya ci abincinsu. Wasu abincin burola suna ɗauke da maganin zawon jini irin su monensin, wanda guba ne ga kare. Mushe kuma, tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a jihar Kaduna aka gaya mana a binne ko a ƙona. Karen da ke jan mushe daga wannan ɗaki zuwa wancan, ai cuta yake raba maka kyauta.

To, yanzu ga abin da nake roƙo a daina.

Baƙin mai: dattin inji ne, yana ƙona fatar da ta riga ta yi rauni, kare kuma zai lashe shi ya shiga cikinsa. Fiya-fiya da sauran maganin feshin gona: fatar da ta yi ja ta fi saurin tsotse guba, kuma irin su sifametirin ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi, na gani da idona. Ko maganin da aka yi domin kare ne, a yi wankan nesa da kwami da magudana da rijiya. Maganin ciwon jikinmu kamar ibufurofen da diklofenak: suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda. Allurar aibamektin ta shanu da ake zuƙa da ido: ma'aunin kare daban ne, akwai ma wasu jinsin karnukan Turawa da ba sa jure ta. Allurar deksametazon da kowane mai shagon magani ke miƙo maka: tana kwantar da ja da ƙaiƙayi, ka ɗauka an warke, alhali in makero ne ko wata ƙazwar, taki ka zuba mata.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko: Malam, buhun abinci ya kai inda ya kai, da me zan kira likita saboda kare? Ni ma ina sayen buhun nan. Amma ka lissafa kuɗin zuwan likita sau ɗaya, ka lissafa kuɗin kaji nawa ɓarawo zai kwasa a dare ɗaya in kare yana kwance. Yawancinmu ma muna da likitan da ke zuwa duba kaji. Ka ce masa ya ɗan duba karen kafin ya tafi, ko ka ɗauki hoto da rana ka tura masa ta WhatsApp. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a jihohinmu, akwai kuma na koyarwa a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri.

Na biyu: ni ba na taɓa kare. Ba wanda ya ce ka rungume shi. Safar hannu ta roba nawa take? Ni ba malami ba ne, amma dukkanmu mun ji a wajen malamanmu cewa an yarda a ajiye kare domin gadin gona da dabbobi, mun kuma ji labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Dabbar da ka ɗaure a gonarka tana yi maka aiki, haƙƙinta yana wuyanka. In ba za ka iya ba, gara kada ka ajiye.

Abu ɗaya a kiyaye: karen da ke jin zafi yana iya cizon ubangidansa. A ɗaure masa baki da tsumma mai laushi kafin a duba shi, sai dai in yana amai ko numfashi da ƙyar. Kuma wannan ne dalilin da ya sa allurar rigakafin haukan kare ta kowace shekara ba abin wasa ba ce. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin ta, likitoci suna da ita.

A gonarmu yanzu ga tsarin da muke bi. Kare yana da wurin kwanansa nesa da ɗakin kaji da sito. Ranar wanke ɗaki ko zuba farar ƙasa a ɗaure yake sai wuri ya bushe. Maganin ɓera yana cikin akwatin da bakinsa ba ya shiga, ana kwashe mushen ɓera kowace safiya. Duk mako ana duba kunnensa da cikinsa da tsakanin yatsunsa, a ranar da ake duba zankon kaji. A littafin lissafi kuma akwai layinsa, ƙasa da na kifi.

Duna yana nan, gashin bayansa ya dawo. Kifin da suka mutu dai ba su dawo ba, kuma daga aljihuna na cike gurbinsu.

Wanda ya taɓa haɗuwa da irin wannan a gonarsa, ya faɗa mana abin da ya gani da abin da likita ya ce, mu ƙaru da juna. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu daga asara.