Dala 50 Ba Ita Ce Matsalar Ba

Tun da kamfanin Wizards of the Coast ya fara sakin sabunta littattafan dokokin Dungeons & Dragons a watan Satumba na 2024, masoya wasan suka rabu gida biyu: masu cewa an yi musu kwashe, da masu cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Mu dai mun ce duk sun bar jaki suna dukan taiki.

Ga wanda bai san wasan ba, a Amurka aka ƙirƙiro shi a 1974. Abokai ne ke zagaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda, mutum ɗaya ya ja ragamar labari, ɗan lido mai fuska 20 ya yanke hukunci.

Mu fara da masu kukan tsada. Littafin 'yan wasa na 2014 dala 49.95 ne, shafi 320. Na 2024 dala 49.99 ne, shafi 384. Shekara goma tsakani, ga hauhawar farashi, ga ƙarin shafuka. Ina tsadar take? Gaskiya ne littattafan uku ne, kusan dala 150 ke nan, amma mai jan labari ne ke buƙatar ukun. Kuma babu wanda ya shiga ɗakin kowa ya ƙone masa tsohon littafinsa.

To amma masu tafi, ku ma ku dakata. A 2022 Hasbro, uwar kamfanin, ta sayi dandalin D&D Beyond a kan dala miliyan 146.3. A watan Agusta na 2024 dandalin ya sanar cewa zai maye gurbin tsafe-tsafen 2014 da sababbi a takardun jaruman mutane, har da na waɗanda suka biya kuɗin tsohon bugu. Sai da aka yi ca a kansu suka janye. Haka aka yi a Janairun 2023, lokacin da suka so soke lasisin da ke ba ƙananan mawallafa damar rubuta nasu littattafan a kan dokokin wasan. Nan ma ihun jama'a ne ya sa suka lashe amansu.

Wannan shi ne abin faɗa. Littafin takarda in ka saya ya zama naka: ka ba da aro, ka sayar, ka bar wa ƙaninka. Na intanet kuwa zaman haya kake yi, mai gida na iya sauya makulli da tsakar dare.

Saboda haka mu daina ja-in-ja a kan farashi. Wanda gyaran ya burge shi ya sayi na takarda. Wanda bai burge ba ya riƙe na 2014, labari ba ya ruɓewa. Amma kafin mu biya ko sisi a kowane dandali, mu tambaya: gobe in sun sauya ra'ayi, me zai rage a hannunmu?

Mai ja, ga fili a ƙasa.