Tangaran ɗin Jamus: Duba ƙarƙashinsa kafin ki biya kuɗi

Ke da kika tashi kina ganin jeren kwanuka a ɗakin Inna, ba sai an yi miki dogon bayani kan abin da ke sa mace ta tara kwanon da ba ta cin abinci a ciki ba. Turawa ma suna da nasu jeren, kuma tsofaffin tulunan tangaran masu murfi na Jamus, waɗanda aka yi wa zane da hannu, suna sahun gaba. Yanzu da ake tallarsu a intanet, wasu kuma kan ɓullo cikin kayan gwanjo, gara ki san abin dubawa.

Da can Sinawa ne ke riƙe da sirrin yin tangaran, Turawa sai dai su saya da tsada. Sarki Augustus na Saksoni ya kamu da sonsa har ya ba sarkin Furusiya sojoji 600 a 1717, ya karɓi tangaran 151 na Sin. Shi ne kuma ya tsare wani mai haɗa magunguna, Böttger, don ya yi masa zinariya. Zinariya ba ta samu ba, amma a 1708 aka dace da haɗin farar ƙasar da ke zama tangaran. A 1710 aka buɗe masana'antar Meissen kusa da birnin Dresden, kuma har yau tana aiki.

To, in tulu ya zo hannunki, fara kifa shi. Tambarin Meissen takubba biyu ne shuɗɗa a gicciye, na KPM ta Balin kuwa sandar sarauta ce. Sai dai masu jabu sun daɗe suna kwaikwayon takubban. Shafa da yatsa: na gaske yana ƙarƙashin sheƙin, ba ya kankaruwa. In kika ga an rubuta "West Germany", an yi shi tsakanin 1949 da 1990, don haka kada mai talla ya ce miki ya shekara ɗari biyu.

Sai zanen. Ɗauki hotonsa da wayarki ki ƙara girmansa. Aikin hannu za ki ga sawun burushi, wani wuri launin ya yi kauri wani wuri ya yi fari-fari, kuma fure biyu ba sa zama iri ɗaya sak. Na bugawa sau da yawa ɗige-ɗige ne a jere. Yawancin tulunan kicin masu rubutun Zucker, Salz da Mehl, wato sukari, gishiri da fulawa, bugawa aka yi. Suna da kyau, amma kuɗinsu bai kai na zanen hannu ba. Ƙwanƙwasa shi a hankali: lafiyayye yana ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaga sai ki ji dum. Ki tabbata murfin nasa ne, don murfin aro yana karya daraja.

Ga inda na fi so ki saurare ni a matsayinki na uwa. Yawancin launukan da aka yi zanen da, musamman waɗanda ke saman sheƙi, suna ɗauke da dalma. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Abu mai tsami yana janyo ta daga jikin tangaran, don haka kada ki zuba tsamiya, zoɓo, nono ko garin kunun yaro a ciki. Rigakafi ya fi magani.

Wurinsa kabad mai gilashi, sama da inda hannun yaro ke kaiwa. In za ki wanke, shimfiɗa tawul a roba, ki yi amfani da ruwa mai ɗumi da tsumma mai laushi, ban da soson ƙarfe, don yana cinye ruwan zinariyar baki. Rubuta inda kika saya da nawa kika biya, ki jefa takardar ciki. Wata rana 'yarki za ta buɗe murfin.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.