Tsutsar da Ke Cin Masarar Gozaki na Taimaka wa Masu Binciken Ƙwaƙwalwa

Manoman Gozaki sun san tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016. Abin mamaki, daga jikin wannan ƙwaro aka samo ƙwayoyin halittar da ake kira Sf9, waɗanda masana ke renonsu a ɗakin gwaji.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa na aika wa juna saƙo da sinadarai, kowane sinadari kuma da furotin ɗin da ke karɓarsa, kamar waya da caja. Masana kan dasa umarnin ƙera furotin ɗin cikin Sf9, su samu isasshe don nazari. Da wannan dabara tawagar Brian Kobilka ta Jami'ar Stanford a Amurka ta gano siffar furotin ɗin da mofin ke kamawa, a 2012. Ta wannan ƙofa tiramadol da kodin ke kama matasanmu, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018.

Haramci kaɗai ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Sai an fahimci abin da ƙwaya ta yi wa ƙwaƙwalwarsa. Yobe ta kafa cibiyar bincike ta BioRTC a Damaturu. Me zai hana Katsina ta yi haka a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua?

Kafin nan, rumbun AlphaFold na ɗauke da hasashen siffofin furotin sama da miliyan 200, kyauta. Datar da ɗalibi ke ƙonawa a TikTok ta isa ya leƙa.